Najeriya na buƙatar dokar ruwa, amma ba irin wadda aka yi ta fatali da ita ba

A watan Yunin 2023, ana saura 'yan kwanaki wa'adin majalisa ta tara ya cika, Majalisar Dattawa ta yi fatali da ƙudirin dokar albarkatun ruwa ta ƙasa. Karo na uku ke nan da ƙudirin ya sha ƙasa tun bayan da gwamnatin Muhammadu Buhari ta miƙa shi ga majalisa a shekarar 2017. Waɗanda suka yi adawa da shi sun yi murna, waɗanda suka goyi bayansa suka ja bakinsu suka yi shiru, daga nan maganar ta sha ruwa.

Wata goma sha biyar bayan haka, a ranar 10 ga Satumban 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. Ya shiga fadar Shehun Borno da babbar kasuwar birnin da asibitin koyarwa na jami'a da gidan ajiye namun daji, ya rushe katangar gidan yari, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da muhallinsu. Shekara 30 kafin nan, a 1994, ruwan wannan madatsa ya taɓa yi wa birnin irin wannan ta'adi.

Babu mai cewa da ƙudirin ya zama doka da Alau ba ta ɓalle ba, domin takarda ba ta toshe ɓaraka. Sai dai abin da ya faru ya dawo da tambayar da aka binne tare da ƙudirin: wa ke da alhakin ruwan ƙasar nan? Wa ke auna shi, wa ke raba shi, wa ke duba lafiyar madatsun da aka tare shi da su, kuma wa za a tuhuma idan an yi sakaci? Har yau babu amsa guda. Mutuwar ƙudirin ta kawo ƙarshen gardama a zauren majalisa, amma matsalar da ta sa aka rubuta shi tana nan daram.

Dokoki da hukumomi birjik, alƙali babu

Ba a rasa dokokin ruwa a Najeriya ba. Akwai dokar albarkatun ruwa ta 1993, wadda gwamnatin soja ta kafa, kuma ita ce babbar doka har gobe. Akwai dokar hukumomin raya koguna, waɗanda aka fara kafawa a shekarun 1970, yanzu guda 12 ne, ciki har da ta Haɗeja da Jama'are mai hedikwata a Kano, da ta Sakkwato da Rima, da ta yankin Tafkin Chadi a Maiduguri, da ta saman Binuwai a Yola. Akwai hukumar NIHSA mai auna ruwan koguna da hasashen ambaliya, da cibiyar horar da ma'aikatan ruwa da ke Kaduna, da hukumar kula da sufurin jiragen ruwa na cikin gida, da hukumar kare muhalli, ga kuma hukumar ruwan sha a kowace jiha. An rubuta babban kundin tsara albarkatun ruwa a 1995, aka sabunta shi a 2013 da taimakon ƙasar Japan, sannan gwamnati ta amince da manufar ruwa ta ƙasa a 2016.

Duk da wannan tarin, zaman 'yan marina ake yi, kowa da inda ya sa gaba. Hukumomin raya koguna su ne ke gina madatsu, su ne ke noman rani da ruwan, su ne kuma ke yanke shawarar yawan ruwan da za a saki ga waɗanda ke ƙasa da su. Mai cin moriyar abu shi ne aka bar wa rabonsa. Hukumar da aka kafa don ta zama alƙalin wannan rabo, mai ba da lasisin amfani da ruwa, tana aiki ne ba tare da cikakkiyar dokar majalisa da ta tsaya mata ba, kuma ba ta wannan ƙarfi na cikin manyan dalilan rubuta ƙudirin da ya faɗi.

Sakamakon wannan a bayyane yake. Binciken da Ma'aikatar Albarkatun Ruwa da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka yi tare da asusun UNICEF a 2021 ya nuna kashi 67 cikin 100 na 'yan ƙasa ne ke samun ruwan sha na matakin farko, kashi 10 kacal ne ke da ruwa da ban-ɗaki da wurin wanke hannu a haɗe, kuma mutum kusan miliyan 48 na bahaya a fili. A wannan shekarar ce cutar amai da gudawa ta kama mutum sama da 100,000, ta kashe fiye da 3,000, inda jihohin Bauchi da Kano da Jigawa da Zamfara suka fi jin jiki. Lokacin da Buhari ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ruwa da tsafta a Nuwamban 2018, shi da kansa ya kawo alƙaluman da ke cewa masu samun ruwan famfo sun ragu daga kashi 32 cikin 100 a 1990 zuwa kashi 7 a 2015. Ƙasar da kogin Neja da na Binuwai suka ratsa ta, mai madatsu sama da 400, baya take ci a harkar famfo.

Darasi daga kogin Haɗeja

Wanda ke son ganin illar rashin alƙalin rabo, ya bi kogin Haɗeja daga sama zuwa ƙasa. An kammala madatsar Tiga a kan kogin Kano a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, sai ta Challawa da ke yankin Ƙaraye a 1992. Daga waɗannan biyun birnin Kano ke shan ruwa, daga Tiga ake ba gonakin Kadawa da Kura da Bunkure ruwa, abin da ya saura ya gangara Wudil da Ringim, ya shayar da aikin noman rani na Auyo, ya bazu a fadamun Haɗeja da Nguru. A can ƙasa yake haɗuwa da ruwan Jama'are da ya taso daga tsaunukan Jos, su zama kogin Yobe, wanda ke bi ta Gashuwa da Geidam, ya zama iyaka tsakanin Najeriya da jihar Diffa ta Nijar, kafin ya faɗa Tafkin Chadi.

Kafin madatsun, kogin yana da tsarinsa: ya cika ya malale fadama da damina, ya ja baya da rani ya bar danshi. Manomi ya shuka shinkafa a kan cikowar ruwa, ya shuka wake da alkama da kayan lambu a kan janyewarsa, masunci ya kama kifi, makiyayi ya samu ciyawa a tsakiyar rani. Da aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk tsawon shekara, ambaliyar damina mai amfani ta ragu, ruwa kuma ya daina ƙafewa a wasu hanyoyin, sai ciyawar kacalla ta samu wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta karkatar da shi zuwa mashigar Marma da tafkin Nguru, inda ya cinye gonaki da ƙauyuka, alhali wasu rassan kogin sun bushe. Kacallar kuma ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi. Wani binciken masana tattalin arziki a farkon shekarun 1990 ya gano cewa amfanin da ake samu daga ruwa idan ya malale fadamar, in aka haɗa noma da su da itace, ya zarce wanda ake samu idan an tare shi don noman rani a sama.

Wannan ba hujja ba ce ta cewa gina Tiga kuskure ne. Miliyoyin mutane na rayuwa da ita, kuma shinkafar Kura da tumatirin Kadawa shaida ne. Abin lura shi ne, shekara 50 ke nan ana yi wa mutanen Jigawa da Yobe kashin dankali, na sama ya danne na ƙasa, ba don mugunta ba sai don babu wata ƙa'ida mai ƙarfin doka da ta ce ga rabon birnin Kano, ga na manoman rani, ga abin da dole a bar wa fadama. Haka ma taƙaddamar madatsar Kafin Zaki da aka daɗe ana son ginawa a kan kogin Jama'are a Bauchi: Bauchi na ganin arzikinta ne, Yobe da Borno na tsoron a yanke musu ruwan da ya rage. Shekaru sun shuɗe babu wurin da za a zauna a yanke hukunci da alƙaluma.

An taɓa gwada mafita. A 2006, jihohi shida da kogin ya shafa, wato Bauchi da Borno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe, sun haɗu a Damaturu tare da gwamnatin tarayya, suka amince da kafa asusun kula da kogin, aka kuma tsara yarjejeniyar rabon ruwa. Tunani ne mai kyau, wanda har ƙasashen waje suka yaba. Amma yarjejeniyar da ba ta da haƙoran doka tana rayuwa ne da yardar gwamnan da ke kan kujera, idan ya tafi sai ta koma cikin durowa. Duk rigimar da ke wannan kogi tsakanin jihohin Arewa ce, babu ɗan Kudu ko ɗaya a ciki, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa dokar ruwa ba maganar ɓangaranci ba ce.

Abin da ya kashe ƙudirin

To me ya sa ƙudirin ya zama abin gudu? Ya tsallake Majalisar Wakilai, amma a 2018 ya maƙale a ta Dattawa bayan sanatoci, ciki har da Godswill Akpabio da ke shugabantar marasa rinjaye a lokacin, sun nuna damuwa kan batun mallakar gaɓar koguna. A 2020 aka dawo da shi Majalisar Wakilai ta hanyar da 'yan majalisa da dama suka ce an saɓa ƙa'ida, dole aka janye shi. A 2022 Sada Soli na Katsina, shugaban kwamitin ruwa na majalisar, ya sake gabatar da shi. Farfesa Wole Soyinka da Gwamna Samuel Ortom na Binuwai da ƙungiyoyin Afenifere da Ohanaeze da na yankin tsakiyar ƙasa duk sun yi masa ca, suna cewa dabara ce ta ƙwace filayen bakin kogi a miƙa wa makiyaya, wato shirin Ruga ne aka sauya wa riga.

Akwai abin da masu adawar suka kau da kai daga gare shi. Kundin tsarin mulki na 1999 ya riga ya sa ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya cikin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai ke yi wa doka. Dokar 1993 kuwa ta riga ta damƙa ikon irin wannan ruwa, har da gindin kogi da gaɓarsa, a hannun gwamnatin tarayya. Abin da aka yi ta tsoron zai zo, shekara 30 ke nan yana rubuce, kuma kayar da ƙudirin bai goge shi ba. An dai ƙi sabon tsari ne aka ci gaba da zama da na soja, wanda ya tattara iko a hannun minista shi kaɗai.

Amma su ma masu ƙudirin da nasu laifin, kuma ba ƙarami ba ne. Sun kawo shi a lokacin da rikicin manoma da makiyaya ke cin rayuka a Binuwai da Filato da Taraba, lokacin da duk wata magana kan filin bakin ruwa ke tayar da hankali. Sun cusa dokoki huɗu da sabuwar hukuma da tsarin lasisi a kundi guda, ta yadda wanda bai yarda da sashe ɗaya ba sai ya ƙi duka. Ba su fayyace yadda za a daidaita shi da dokar mallakar ƙasa ta 1978 ba, wadda ta sa filaye a hannun gwamnoni. Maganar lasisin haƙa rijiyar burtsatse ta firgita talakan da gwamnati ta kasa kai wa famfo, ya ga yanzu kuma za a hana shi nema wa kansa. Sannan yunƙurin shigar da shi ta bayan gida a 2020 ya tabbatar wa masu zargi zarginsu. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Dokar da ta shafi rayuwar kowa ba ta tafiya sai da yardar jama'a, kuma ba a nemi wannan yarda yadda ya kamata ba.

Me ake nufi da ƙa'idar duniya?

Jami'ai kan ce ana son tsarin ruwan Najeriya ya dace da na duniya, sai mai sauraro ya ɗauka ana nufin a tattara komai a Abuja, ko a sayar da ruwa ga 'yan kasuwa. Abin da ƙasashen duniya suka yi ittifaƙi a kai ya bambanta da haka. Tun taron Dublin na 1992 aka tsayar da cewa a riƙa sarrafa ruwa bisa kwarin kogi, wato duk ƙasar da ruwanta ke gangarawa cikin kogi ɗaya, a kuma yanke shawara a mataki mafi kusa da masu amfani da shi, tare da ba mata muhimmin gurbi tunda su ne ke ɗawainiyar ruwa a gida. A Yulin 2010 babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya ayyana ruwan sha da tsafta a matsayin haƙƙin ɗan Adam. Muradi na shida na ci gaba mai ɗorewa ya sa 2030 a matsayin wa'adin samar da ruwa ga kowa da kuma haɗe harkar ruwa a tsari guda.

Ƙasar da ta fi dacewa Najeriya ta duba ita ce Brazil, domin ita ma tarayya ce mai jihohi masu kishin ikonsu. Dokar ruwanta ta 1997 ta bar kogin da ya ratsa jihohi a hannun tarayya, wanda bai fita daga jiha ba kuma a hannun jihar. Kowane babban kogi yana da kwamitinsa, kuma doka ta hana wakilan gwamnati wuce rabin kujerun kwamitin; sauran na manoma ne da masana'antu da kamfanonin ruwa da ƙungiyoyin al'umma. Kwamitin ne ke amincewa da tsarin kogin, shi ke ba da shawarar kuɗin da manyan masu ɗibar ruwa za su biya. Afirka ta Kudu, a dokarta ta 1998, ta ware wani kaso na ruwan kowane kogi don buƙatun mutane na yau da kullum da kuma rayuwar kogin kansa, wanda ba a taɓa shi kafin a ba kowa lasisi. Da akwai irin wannan tanadi a kogin Haɗeja, da mutanen Gashuwa suna da abin kai ƙara kotu da shi. Ghana ta kafa hukumar kula da albarkatun ruwa tun 1996, daban da kamfanin da ke sayar da ruwan famfo. Indiya kuwa, wadda ita ma tarayya ce, ta yi dokar lafiyar madatsu a 2021, wadda ta wajabta duba kowace babbar madatsa kafin damina da bayanta.

Waɗannan ƙasashe ba su gama da matsalolinsu ba. Birnin Cape Town ya kusa ƙafewa a 2018, kuma Afirka ta Kudu ta yi jinkiri ƙwarai wajen kafa hukumomin kogunan da dokarta ta tanada. Amma abu uku sun bayyana a tsarinsu: an raba mai gini da mai sa ido, an ba masu amfani da ruwa kujera, an kuma sa auna ruwa da bayyana sakamakon ya zama wajibi.

Famfo aikin jihohi ne

Ko da an yi dokar tarayya mafi kyau, ba ita za ta kawo ruwa Fagge ko Tudun Wada ba. Ruwan sha a birane alhakin gwamnatocin jihohi ne, kuma a nan ne gazawar ta fi muni. Hukumomin ruwa da dama ba su san adadin gidajen da suke ba ruwa ba, bututunsu na zamanin da ne, ruwa mai yawa na zubewa a hanya, wanda ya isa gida kuma ba a karɓar kuɗinsa. Idan wutar lantarki ta ɗauke ko kuɗin man janareta da sinadarin tace ruwa ya yanke, matatar ta tsaya. Gwamna ya fi son ƙaddamar da sabuwar rijiyar burtsatse da za a ɗauki hoto a gabanta a kan sauya bututun da ke binne a ƙasa.

Akan ce ba a son ɗora wa talaka kuɗin ruwa. Amma talaka ya daɗe yana biya, kuma shi ya fi kowa biya da tsada. Mai hali ya haƙa rijiyar burtsatse a gidansa ya huta, mara hali ya sayi jarka daga 'yan garuwa da ruwan leda kullum, ba tare da sanin inda aka ɗebo ba. Kowace sabuwar rijiya kuma tana jan ruwan ƙarƙashin ƙasa ne da babu mai lissafinsa, wani lokaci dab da masai ko kwatami. A Kano, dattin masana'antun fatu na Challawa da Sharaɗa da Bompai ya daɗe yana malala cikin kogin Challawa da na Jakara, ana kuma noman kayan miya da wannan ruwa. Najeriya na da ma'aunin ingancin ruwan sha tun 2007, wanda aka sabunta a 2015, sai dai ma'aunin da ba a gwaji da shi ado ne kawai.

Ba lallai sai an sayar da hukumomin ruwa ba. Senegal ta raba aikin gida biyu a 1996, kamfanin gwamnati ya riƙe kadarori, wani kamfani kuma ya gudanar bisa kwangila mai sharuɗɗa, Nijar ma ta bi irin wannan hanya a 2001. Uganda da Burkina Faso kuwa sun bar kamfanoninsu a hannun gwamnati, suka ba su 'yancin aiki da ma'aunin da ake tuhumarsu da shi. Duka hanyoyin biyu sun ba da sakamako. Bankin Duniya ya amince da bashin dala miliyan 700 a 2021 don ruwa da tsafta a jihohi bakwai, ciki har da Kaduna da Katsina da Gombe da Filato. Idan ba a gyara yadda hukumomin ke aiki ba, bashin zai ƙare, famfo ya koma bushewa, biya kuma ya rage a wuyan jama'a. Jigawa, da ta zama jiha ta farko da aka ayyana ta rabu da bahaya a fili a 2022, ta nuna cewa jihar da ba ta da arzikin mai za ta iya idan shugabanni suka sa kansu.

Maƙwabta na kallo

Akwai kuma dalili daga waje. Manyan kogunan Najeriya biyu daga wasu ƙasashe suke shigowa. Kogin Neja sai ya ratsa Gini da Mali da Nijar kafin ya iso madatsun Kainji da Jebba, kuma Nijar na gina madatsar Kandaji a yankin Tillaberi. Binuwai daga Kamaru yake tasowa, inda madatsar Lagdo take tun 1982, ita kuwa ta Dasin Hausa da aka ce za a gina a Adamawa don tare ruwan har yau babu ita. Duk shekarar da aka yi babbar ambaliya, kamar 2012 da 2022, sai a nuna Lagdo da yatsa, alhali ministan ruwa na lokacin, Suleiman Adamu, ya faɗa a 2022 cewa mafi yawan ruwan a cikin gida ya taso.

Najeriya na cikin hukumar Tafkin Chadi tun 1964, tana cikin hukumar kogin Neja mai mazauni a Yamai, ta ƙulla yarjejeniyar Maiduguri da Nijar a 1990 kan ƙananan kogunan da suka haɗa su, irin su Gada da ke zama Gulbin Maraɗi bayan ya wuce madatsar Jibiya. A Maris ɗin 2023 kuma ta shiga yarjejeniyar ruwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ta ɗora wa kowace ƙasa musayar bayanai da kauce wa cutar da maƙwabta. Nijar ta fice daga ECOWAS, amma kogi bai sauya hanya ba. Ƙasar da ba ta da cikakken lissafin ruwan da ke shigo mata da wanda take amfani da shi, da wace hujja za ta zauna teburin rabo?

Hanyar da ta rage

Maimakon a sake ɗauko tsohon kundin a karo na huɗu, ya kamata Ma'aikatar Albarkatun Ruwa da Tsafta ƙarƙashin Farfesa Joseph Utsev da majalisa su rarraba shi, su fara da abin da ba a gardama a kai.

Na farko shi ne lafiyar madatsu. Bagauda ta ɓalle a 1988, ta Gusau a 2006, Alau a 2024. Bayan ta Alau gwamnati ta kafa kwamitin duba madatsu, ta kuma amince da naira biliyan 80 don sake gina ta. Kwamiti bayan ɓarna ihu ne bayan hari. Ana buƙatar doka da za ta kafa masu duba madatsu waɗanda ba sa ƙarƙashin masu madatsun, ta wajabta bincike kowace shekara, da wallafa rahoton, da tsarin gargaɗi da kwashe mutane ga kowane garin da ke ƙasan madatsa. Babu sanatan Kudu ko na Arewa da zai iya fitowa ya ce bai yarda da wannan ba.

Na biyu shi ne awo. A ba NIHSA kuɗi tabbatacce na kafa ma'aunai a koguna da rijiyoyin gwaji, a kuma wajabta wa duk mai riƙe da madatsa ya riƙa bayyana yawan ruwan da ke ciki da wanda ya saki, a intanet da gidajen rediyo, da harshen da manomi ke ji.

Na uku shi ne majalisar kogi. An riga an kasa ƙasar zuwa yankunan ruwa takwas. Kowanne ya samu majalisa mai ikon doka, inda jihohi ke da kujeru na haƙƙi, tare da manoma da masunta da makiyaya da mata da masana'antu da sarakuna. Tarayya ta zama mai sasantawa da kare haƙƙin na ƙasa. A fara da kogin Haɗeja da Yobe, inda aka riga aka yi rabin aikin tun 2006, domin sauran yankuna su gani da ido kafin a nemi yardarsu.

Na huɗu, a rubuta ɓaro-ɓaro cewa dokar ba ta taɓa mallakar fili ba, ikon gwamnoni a dokar 1978 na nan, kuma ruwan gida da shayar da dabbobi da ƙaramin lambu ba sa buƙatar lasisi, kamar yadda dokar 1993 ma ta tanada. Lasisi da biyan kuɗi su tsaya kan kamfanonin lemo da na ruwan roba da manyan gonaki da masana'antu da masu haƙar ma'adinai, kuɗin kuma ya koma kogin da aka ɗebo shi.

Akpabio da ya taka wa ƙudirin birki a 2018 shi ne shugaban Majalisar Dattawa a yau, don haka babu wanda ya fi shi sanin sassan da suka tayar da ƙura da yadda za a gyara su. Gwamnonin Arewa kuma, waɗanda jihohinsu ne suka fi fama da fari da ambaliya da kwalara, ba su da dalilin jiran Abuja kafin su farfaɗo da yarjejeniyar Damaturu su mayar da ita doka a majalisunsu. Shekarar 2030 ta ƙarato, yawan jama'a na ƙaruwa, ruwan sama kuma ya koma zuwa da yawa a lokaci guda ko ya ɗauke a tsakiyar damina. Rabon ruwa dai za a yi shi ko ana so ko ba a so. Abin da ya rage wa shugabanni su zaɓa shi ne ko a yi shi da doka da alƙaluma, ko a bar mai ƙarfi da wanda ke sama su ci gaba da yi wa kowa.